Jirgin Baba Ɗanladi

Jama'a, wallahi abin nan da ni ya faru, ba ji na yi ba. Shekarun baya, lokacin ina gyaran rediyo a Kasuwar Muda Lawal, akwai wani dattijo, Baba Ɗanladi, tsohon ma'aikacin reluwe, kullum a bencina yake wuni. Yana saurayi an tura shi kwas ƙasar Turawa, to a can ne, in ji shi, ya hau wani tsohon jirgin ƙasa a wani tsibiri, ba gawayi ba hayaƙi, lantarki ke jan sa har ƙolin dutse, ka leƙo ka ga teku ta kewaye ka.

Mutanen kasuwa kuwa me za su yi in ba dariya ba. "Baba, a tsakiyar ruwa, kuma yana hawa sama? To jirgin ƙasa ne, ko na ruwa, ko na sama?" Sai ya yi murmushi, amma na san abin na cin sa, mutum da furfurarsa a mai da shi maƙaryaci. Tausayinsa nake ji ƙwarai, ko da yake ni ma ban gaskata ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, na je duba shi a Fadaman Mada bayan la'asar, unguwar ma an ɗauke wuta. Ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, ka ji ƙararrawar jirgin?" Ina shirin cewa sannu Baba, sai na ji ta da kunnena, tare da wani gunji irin na wayar lantarki. Innalillahi! Ɗakin ya karkata kamar muna hawan tudu, ruwan kofin da ke gefensa ya taru waje guda, wata iska mai sanyi da warin gishiri ta buge ni, a Bauchi fa, ana tsakiyar zafi.

Ya ce, "Ƙarya nake yi?"

Na ce, "Wallahi gaskiyarka ce, Baba."

Hawaye suka zubo masa, ya ce alhamdu lillahi, ya saki hannuna, ɗakin ya koma daidai. Kafin magariba ya cika.

Bayan sadakar uku na koma kasuwa na rantse musu, sai ga shi ni ake yi wa dariya. Har yanzu da nake ba ku labarin ban san me na gani ba. Don Allah, in tsoho ya faɗa muku abin da ya fi ƙarfin tunaninku, ku ce Allah ne masani, kada ku ƙaryata shi. Ba kowa ke samun mai shaida kafin ya tafi ba.