Tayoyi Masu Ƙara

Baba Mai Ƙwai bai taɓa fasa ƙwai a hanya ba. Haka ake faɗa a unguwa, shi ma bai taɓa musawa ba, ko da yake 'yarsa Auta ta san an ɗan ƙara gishiri. Tun tana goye yake tuƙa akori-kura guda ɗaya, wadda a da fara ce, yanzu launinta ya koma na tsohon haƙori. Kullum da safe yakan tafi gonar kaji da ke bayan gari, a jera masa kiret-kiret na ƙwai, ya bi shaguna yana saukewa. Tafiyarsa a hankali take, har masu babur sukan yi masa ba'a cewa kazar da ta yi ƙwan ma za ta riga shi isa da ƙafa. Sai ya leƙo ta taga ya ce, "Wuce, ɗana. Kai kanka kaɗai ka ɗauko, shi kuwa ko ya fashe ba mai asara."

Mutum ne da ba ya son hayaniya. Rediyon motar ya mutu tun Auta tana firamare, bai gyara ba. Hon ma ba ya dannawa sai dole. Ya koya wa Auta tuƙi tana budurwa a filin bayan gida, kuma darasinsa bai wuce jimla ɗaya ba: mai ɗauke da ƙwai ba ya taka birki kamar mai kashe kunama.

A 'yan shekarun nan ne matarsa, Umma, ta fara bin sa aiki. Da asuba za ta shirya, ta haye gaba, ta zauna daf da shi, hannunta na kan gwiwarsa. Maƙwabta suka sa su a gaba da tsiya, wai soyayyar tsufa ta fi ta ƙuruciya rashin kunya. Auta ma ta yi dariya da su. Har hotonsu ta ɗauka ta tura wa yayyenta da ke nesa.

Sai Umma ta zame a banɗaki, ƙugunta ya goce, likita ya ce kwanciya. Tun daga ranar Baba bai ƙara taɓa sitiyari ba. Ya ce tayoyi sun ƙare, ba zai ɗauki amanar mutane a kansu ba. Mai gonar kajin ya yi haƙuri har haƙurin ya ƙare, ya kira ya ce in gobe da safe bai ga akori-kura a ƙofar gona ba, zai ba wani aikin.

Auta ta rufe shagonta na ɗinki ta zo. Ta ce ita za ta sayi tayoyin. Kowa ya yaba, ita ma ta yaba wa kanta a hanya. Abin da ba ta faɗa wa kowa ba shi ne, uban da ke fita aiki da safe ya fi sauƙin ƙauna a kan uban da ke zaune a tsakar gida yana jiran a zo a duba shi. Ita kaɗai ce a garin cikin 'ya'yansa. Tana son motar nan ta koma kan titi fiye da yadda shi yake so.

"Ke tuƙa," in ji Baba, ya ajiye makulli a kan bonet. "In ga ko ɗinki ya cinye miki ƙafa."

Shagon taya rumfa ce mai tsawo, tayoyi jibge har rufi, ƙamshin sabuwar roba yana hawa kai. Mai shagon, wanda kowa ke kira Dogo, ya taso yana goge hannu da tsumma.

"A'a! Baba da kansa! Na ce ko kajin sun yi yajin aiki ne."

"Uwarka ce ta yi yajin aiki. Fito min da taya."

Dogo ya zagaya motar, ya durƙusa, ya sa yatsa cikin zanen tayar gaba, ya ɗago yana kallon Auta. "Anti, waɗannan ai da sauransu. Na baya ne suka fara sulɓi, na gaba kam za su kai wata damina."

"Duka huɗun za a canza," in ji Baba.

"To ni ina ruwana, kasuwa ta zo." Ya shiga ciki ya turo wata mai laushi, mai ƙananan zane. "Ga irin taka ta kullum. A kwalta kamar kana kan katifa. Ƙwai ba zai ma san an tashi ba."

Baba bai kalle ta ba. Ya shafa ta da tafin hannu, ya ture. "Ba ita ba. Mai manyan haƙora nake so."

Dogo ya yi dariya, ya ga ba a taya shi ba, ya tsaya. "Ta shiga daji? Ta laka?"

"Ita."

"Baba, hanyarka kwalta ce daga gona har kasuwa. Waccan a kwalta kuka take kamar jirgi zai sauka. Ga shan mai. Ga jijjiga. Kafin ka kai shagon farko ƙwan ya kaɗu a cikin ɓawonsa, sai dai a zuba a kasko."

"Wacce ta fi ƙara a cikinsu?"

Auta ta juyo. Ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Mutumin da ya hana su tauna cingam a mota saboda ƙara, shi ne ke neman tayar da ta fi kowacce ihu.

"Baba, lafiya?"

"Kuɗinki ne, na sani. In ba za ki saya ba ki faɗa."

Dogo ya sosa ƙeya ya koma ciki. Daga can ƙarshen rumfar ya zaro wata baƙa ƙirin mai haƙora kamar na zarto, ya tsayar da ita, ya turo ta a kan siminti kamar yadda yake yi wa kowane direba. "Baba, tare!"

Tayar ta taho a hankali, tana rangaji, cikin hasken rana tsaka. Yaro ma zai tare ta da ƙafa ɗaya. Baba yana tsaye, fuskarsa tana wajen da muryar Dogo ta fito, hannuwansa a buɗe, yana murmushi. Tayar ta zo ta gefensa na hagu ta buge shi a ƙwauri. Ya yi tangal-tangal, ya dafa mota.

"Ɗan banza," ya ce yana dariya, "ka so karya ni."

Babu wanda ya yi dariya. Dogo ya tsaya da tsumma a hannu, bakinsa a buɗe. Baba ya durƙusa ya rungumi tayar, yana bin haƙoranta da yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ta yi," ya ce. "Wannan tun daga nesa za a ji ta. Kuma in ta sauka daga kwalta zuwa ƙasa, kukanta zai canza, ko?"

"Zai canza," in ji Dogo, murya ƙasa-ƙasa.

Auta ta fita bayan rumfa, ta kira Umma.

"Umma, Baba yana gani?"

Sai ƙarar gado, alamar Umma tana gyara kwanciya. "Wa ya faɗa miki?"

"Taya ce ta faɗa min! Umma, yana gani ko ba ya gani?"

"Yana ganin haske. Abin da ke gabansa tsaf, in babba ne, yana ganin inuwarsa. Gefe da gefe ne babu."

"Tun yaushe?"

"Tun da kika ga na fara shiga motar. Mun je asibiti, suka ce ba ya dawowa, ya ajiye tuƙi."

"Innalillahi! To wa ke tuƙin?"

"Shi mana. Hanyar tana cikin kansa. Ni dai in na matsa gwiwa sau ɗaya, birki. In na ja ta nan ko can, ya kauce. Ko kare ba mu taɓa takawa ba."

Auta ta jingina da bango. Hoton nan da ta tura wa yayyenta ya dawo mata, hannun Umma a kan gwiwar Baba. Ta tuna har 'yar zuciya ta liƙa a ƙasansa.

"Umma, ta ƙofar makarantar yara kuke wucewa kullum. Kullum! Don me ba ki hana shi ba?"

"Ke yarinya ce." Muryar Umma ba ta nuna kunya ba ko kaɗan. "Tun da aka kawo ni gidan nan ubanki bai taɓa jin maganata ba. In na ce gabas ya yi yamma. A cikin motar nan kaɗai nake cewa tsaya ya tsaya. Kin san daɗin wannan? Ga shi ina ganin gari, ina gaisawa da mutane. Ke kuma da kike min ihu, ba a gabanki yake zuba shayi a gefen kofi ba? Ba ke kika riƙa cewa tsufa ne ba?"

Auta ta kashe wayar. Ba don Umma ta yi ƙarya ba.

Da ta dawo, Dogo bai sa jak ba. Ya matso kusa da ita ya ce, "Anti, ni fa ba zan ɗaura waccan ba. Ƙannena biyu suna makarantar da ke kan hanyarsa."

Ta ce, "Ɗaura masu laushin a baya. Na gaba ka bar su."

Baba yana zaune a benci yana sauraron ƙarar sifana, yana ba Dogo labarin wata tayar da ya taɓa yi wa faci har ta koma faci zalla. Da aka sauke jak ya tashi, ya shafa tayar baya, hannunsa ya tsaya cak.

"Ba ita ba ce."

"Ba ita ba ce, Baba."

Ya janye hannunsa daga tayar. Sannan ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya miƙa hannu. "Ba ni makullina."

Auta ta damƙe makullin a hannunta. A hankali, ba tare da takalminta ya yi ƙara ba, ta matsa gefe. Ba ta san dalilin da ya sa ta yi haka ba, ko so take ta tabbatar, ko so take shi ya sani ta sani. Baba ya ci gaba da miƙa hannu ga wurin da ta bari, yana yi wa iska faɗa.

"Ni na haife ki. Motar nan ita ta biya miki makaranta, ita ta saya miki keken ɗinki. Kina kallona ina kallonki, za ki hana ni makullina?"

"Ina nan, Baba," ta ce daga gefensa.

Ya juyo da sauri. Hannun ya sauka.

Ita ta tuƙa su gida. Bai yi mata magana ba, bai ci abinci ba, bai shiga ɗakin Umma ba.

Washegari da sassafe ta same shi tsaye jikin motar, sanye da rigar aiki. Ba ta tambaye shi ba, ta buɗe masa ƙofar motar ta gefen da Umma ke zama. Suka isa gona, mai gonar ya kalli Auta a kujerar direba, ya kalli Baba, ya ce a loda.

A hanyar dawowa bakin Baba ya buɗe. "Rage. Akwai rami a dama." Ramin ya bayyana. "Saki totur, gada ce." Gadar ta zo. "Wa ya koya miki canza giya haka, maƙiyinki?" Kowane tudu, kowace kwana, yana faɗa kafin ta hango. Har ta fara tunanin ko ta zalunce shi. Mutum ya san hanya haka, wa ya isa ya ce masa ba ya gani?

Suna daf da makarantar, wata 'yar yarinya ta fito da gudu daga bayan motar da ke tsaye, jakarta tana tsalle a bayanta, takalmi ɗaya a hannu. Auta ta taka birki da ƙafa biyu. Motar ta yi ƙugi ta tsaya. A baya, kiret ya hau kiret, aka ji ƙarar da Baba bai taɓa bari a ji a motarsa ba.

"Kin kashe ni!" ya yi ihu. "Me kika taka wa birki? Babu rami a nan! Babu komai a nan!"

Yarinyar tana tsaye a gaban bonet, kanta bai ko kai tsayinsa ba. Ta kalle su, ta sa takalminta, ta ƙarasa tsallakawa.

"Yarinya ce, Baba."

"Ina?"

"Ta wuce. A gabanka take tsaye."

Ya zuba wa gilashin ido. Ruwan ƙwai ya fara ɗiga daga bayan mota zuwa kwalta, masu babur suna danna hon suna zagaye su.

"Da masu ƙarar muka sa," ya fara, "da ta ji mu tun daga..."

Bai ƙarasa ba. Ya sa hannu cikin wuyan rigarsa, ya daɗe yana lalube, ya ciro wani zare da ya yi baƙi da gumi. A jikinsa akwai makulli, irin wanda ke jikin motar sak. Auta ta kalli makullin, ta tuna cewa jiya ta kwana da nata a ƙarƙashin filo, tana ganin ta tsare gari.

Ya ajiye shi a cinyarta.

"Ja mu tafi," ya ce. "Mai shagon da ke kan kwana yana karɓar fasassu in an yi masa ragi. Kuma a hankali, don Allah. Akwai sauran masu rai a baya."