Takalmin Roba a Layin Bas

A tashar bas ta Asmara take tsaye, dattijuwa mai furfura, ba mayafi, sanye da kwat irin na maza. Takalminta na baƙar roba ne, an sha liƙe shi da wuƙa mai zafi. Tana sunkuyawa ta gyara buhun gawayinta, na yi wuf na shige gabanta a layi, har ina tattare farin zanena kada ta shafa min baƙi.

Direba ya sauko yana ɗingishi. Yana ganinta ya tsaya cak, sai suka shiga buga kafaɗa da kafaɗa, gaisuwar waɗanda suka yi yaƙin 'yanci a duwatsu.

"Letebrhan, ashe ba ki mutu ba?"

"Kai matsoraci ma kana nan, Ghirmay, bare ni?"

Sai a lokacin na lura takalminta irin na mayaƙan ne, hannunta na dama kuma ba babban yatsa. Ina jin tun tana budurwa ta ɗauki bindiga, lokacin ni ina koyon dafa gahawa. Wataƙila da aka dawo gida, dangin miji suka ce ba ta iya zaman aure ba.

"Zo ki fara shiga, hakkinki ne," in ji direban.

"Ƙyale ni. Ai don a samu ƙasar da ake bin layi muka baro 'yan'uwanmu a dutse."

Ta ja buhunta ta tsaya bayana, inda na mayar da ita. Numfashinta yana taɓa ƙeyata, na kasa waiwayawa.