Wanda Ba a Yi wa Gyara

Shekara ashirin da bakwai Shripad Velankar ya yi yana rubuta manhajar kwamfuta a wani kamfani a birnin Pune, kuma hanya ɗaya ya sani: ka ware wa lamba gurbi, ka sa ta, ka dawo ka goge ka sa wata, ka yi ta zagayowa har aiki ya fita. Da wannan ya ci ya sha, ya aurar da 'yarsa tilo can Kanada. Tun da matarsa ta rasu, ofis ne kaɗai inda yake jin muryar mutane. Da kansa yake girki da safe, ya cika kwano mai hawa uku, don kawai ya samu abin miƙa wa yaran sashensu in an zauna cin abincin rana.

Sai kamfani ya koma wani sabon yaren kwamfuta. A wannan yaren, abin da ka raɗa wa suna ya zauna ke nan, ba gogewa, ba canzawa. In kana son sabo, sai ka rubuta ɗan aikin da zai karɓi tsohon ya miƙo maka sabo, tsohon na nan yadda yake. Omkar, shugaban sashen, ya ce wata uku aka bayar. Duk wanda hannunsa bai faɗa ba, za a ɗauke shi daga cikinsu.

Velankar ya dage, amma hannun da ya saba gogewa ya ƙi jin magana. A mako na biyu ya gano wata ƙofar baya da masu yaren suka bari don larura, inda ake iya canza abu kamar dā. Nan ya shimfiɗa tabarma. Aiki na tafiya, shi kuwa ya ɗauka ya iya.

Ketaki ce ke duba aikin kowa kafin a haɗa, yarinya mai baki kamar reza.

"Kai Nikhil, kai ka rubuta wannan, ko kaza ce ta bi ta kan kwamfutarka?" Ofis ya kwashe da dariya, Nikhil ya koma ya gyara.

In ta zo kan na Velankar kuwa, sai ta sassauta murya. "Ya yi, Baba."

Daɗi ya kashe shi. Har a waya ya gaya wa 'yarsa wai tsohonta ya fi yaran zamani saurin ɗauka.

Saura mako biyu wa'adi ya cika, ya buɗe wani ɓangaren da ya rubuta don ya duba wani abu. Bai gane shi ba. Ya buɗe na gaba, ya buɗe na bayansa. Ko layi ɗaya babu nasa. Ketaki ta bi komai ta sake rubutawa, tsaf, ba da saninsa ba. Kunya ta rufe shi.

Ya same ta wajen shan shayi.

"'Yata, me ya hana ki gaya mini?"

"Haba Baba! Ni in buɗe baki in ce ka yi kuskure? Ranar da na fara aiki sai da na sunkuya na taɓa ƙafarka don girmamawa. Ka girmi mahaifina fa."

"Nikhil kullum sai kin wanke shi tas."

"Nikhil ai sa'ana ne."

"Shi ya sa ya iya."

Ta sunkuyar da kai, ta yi alkawarin za ta faɗa masa gaskiya. Washegari ga abin da ta iya rubutawa: ƙila a ɗan duba nan, in Baba ya ga dama. Ina ne nan ɗin, me za a duba, oho. Allah Ya sani ba mugunta ba ce, tarbiyya ce, kuma tarbiyyar ce ta cuce shi.

Wa'adi ya cika. Omkar bai kore shi ba, ina zai iya? Taro aka yi, aka yafa masa mayafi, aka damƙa masa kwakwa kamar yadda ake karrama manya a can, aka tafa. Aka ce daga yau shi ne babban mai ba da shawara, an ware masa ɗaki shi kaɗai a hawa na biyar.

Ɗakin yana da taga babba da kujera mai laushi. Kwana huɗu ba wanda ya hau neman shawara. A na biyar ya buɗe tsohon aikinsa na kafin Ketaki ta gyara, ya lalubi inda ake umartar kwamfuta ta ƙi duk rubutun da ya bi ta ƙofar baya, ya danna. Jan rubutu ya cika fuskarta daga sama har ƙasa, kuskure arba'in da ɗaya, kowanne da lambar layinsa, ba ladabi ba sakayawa.

Velankar ya cire tabarau ya goge ido, ya jawo kujera kusa.

"Yauwa," ya ce wa kwamfutar. "Ci gaba, ina jin ki."