Shekarar da Muka Ba da Golanmu

Ni malamin firamare ne a Wudil, amma mutanen gari sun fi sanina da usur a wuya fiye da alli a hannu. Na daɗe ina horar da kulob ɗin ƙwallo na unguwarmu, har yanzu idan na ratsa kasuwa akwai magidanta masu 'ya'ya da ke ɗaga mini hannu suna cewa Koci.

Duk shekara, da an gama kawar da amfanin gona, mukan yi gwajin sababbin 'yan wasa kafin a buɗe gasar shiyya. Samari kan zo daga Utai da Indabo da Darki, wasu a keke, wasu goyo uku a kan babur, ga kuma ɗaliban jami'a da ke son wurin motsa jini. Ni ke tsayawa a gefen fili in duba su. 'Yan kallo suna son mai yanka, wanda zai zubar da mutum ƙasa a yi ihu. Ni ba shi nake kallo ba. Ina kallon wanda zai waiga kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa, da abin da yaro zai yi idan an ƙwace masa ita: zai bi ta da gudu ne, ko zai tsaya ya riƙe ƙugu yana zagin wani.

A shekarar da nake ba da labari, matsalarmu ɗaya ce, ba mu da ɗan gaba. Kakar da ta wuce mun yi ta tashi canjaras babu ci, ba a ci mu ba, mu ma ba mu ci kowa ba. Abin da ya hana a ci mu kuwa shi ne golanmu.

Ɗan Indabo ne, dogo, marar yawan magana. Tun yana ƙarami na gan shi a bayan raga yana cafe ƙwallayen da suka yi waje, na lura ba ya rufe ido idan an buga da ƙarfi. Na je har gida na roƙi mahaifinsa ya bar mini shi. Shekara da shekaru ina jefa masa ƙwallo a kan yashin bakin kogi, yana faɗuwa yana tashi, har ya zama duk shiyyar ba wanda ke son bugun fanareti a gabansa.

A gwajin wannan shekara mutum biyu suka tsaya mini a rai. Ɗaya ɗalibi ne, ƙwararre, sai dai na san da an ba da hutu zai tafi garinsu ya bar mu a tsakiyar gasa. Ɗayan wani siririn yaro ne daga Utai, bahago, da takalmin roba a ƙafa. Ya zubar da damar ci a ranar har 'yan kallo suka fara yi masa dariya. Amma duk lokacin da ƙwallo ta faɗo cikin da'irar gola, yana wurin, ba wanda ya san ta inda ya ɓullo. Bugu ana koya wa yaro. Sanin inda ƙwallo za ta faɗo kuwa, ban taɓa iya koya wa kowa ba. Na yanke shawara shi zan ɗauka.

Ciyaman ɗin kulob ɗinmu wani Alhaji ne mai sayar da kayan gini. Shi ke sayen jesi, shi ke ba da mota idan za mu wasan waje, don haka maganarsa ta fi ta kowa nauyi a kwamiti. Ya kira mu shagonsa bayan la'asar, muka zauna a kan buhunan siminti, ya sa aka kawo lemo. Da na ga lemon na san akwai magana.

Ya ce, "Malam, wani kulob na cikin birni ya neme ni. Suna son golanmu. Za su ba mu ɗan gabansu na biyu, yaron da ya riga ya goge a manyan wasanni. Musaya ce kai tsaye."

Na ce, "Alhaji, su da suke da gola, me za su yi da namu?"

"Wannan matsalarsu ce."

"Matsalar yaron ce, ranka ya daɗe. Na san golansu, ba wanda zai ture shi. Namu benci zai je ya ɗumama. Kuma ɗan gaban da muke nema na same shi, yaron nan na Utai. A ba ni shi kaka ɗaya."

Sai wani ɗan kwamiti ya fashe da dariya. "Mai takalmin roba? Wanda ya buga ƙwallo ta faɗa gonar mutane?"

Alhaji ya ce, "Kaka ɗaya, kaka ɗaya. Kullum haka kake cewa, Malam. Mutane sun gaji da canjaras. Yaron ƙauye da ruwa ya sauka zai koma gona, ka neme shi ka rasa. Ni kofi nake so bana."

Na kawo musu wata hanya. Na ce idan dole sai an yi musaya, a ba su ɗaya daga cikin 'yan bayanmu, muna da su har sun yi yawa. Alhaji ya ce ya riga ya tambaya, gola suke so. Na ce to a ba da shi aro, da sharaɗin idan ba su sa shi a wasa ba ya dawo. Ya ce ba zai je yana ciniki kamar a kasuwar shanu ta kara ba, mutanen sun girmama shi. Aka ce a ɗaga hannu. Ni kaɗai hannuna ya tsaya a kan gwiwa.

Alhaji da kansa ya gaya wa golan, kuma ya iya magana. Ya ce masa a birni manyan kulob ke zuwa ɗiban yara, daga can sai gaba. Washegari yaron ya same ni a ƙofar makaranta bayan an tashi, fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

Ya ce, "Koci, ka ji labari?"

Na ce na ji. Na ja shi inuwa na gaya masa abin da na gani, ban rage komai ba. Na ce kada ya je bana, ya ƙara shekara, in dai yana kamawa haka za a zo neman sa da daraja, ba a matsayin ciko ba.

Ya dubi ƙasa. Sai ya ce, "Dama Alhaji ya ce haka za ka ce."

"Me ya ce zan ce?"

"Ya ce ba ka son a raba ka da ni, don idan na tafi za a gane ba kai ke hana a ci mu ba."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Yaron da na ɗauko daga bayan raga ne ke gaya mini wannan, kuma ba da rashin kunya ya faɗa ba, ya yarda da abin ne kawai. Na ce masa Allah Ya sa alheri. Kafin mako ya zagayo maganar ta cika majalisun unguwa, wai Koci yana baƙin ciki da cigaban yara. Har matata sai da aka tare ta da zancen a gidan suna.

Yaron Utai kuwa ba a ɗauke shi ba. Kwamiti ya ce gurbin ɗan gaba ya cika. Ya zo atisaye sau da yawa ba tare da an kira shi ba, ya zauna a kan kekensa a bakin fili. Na gaya masa ya yi haƙuri zuwa baɗi. Daga baya ya daina zuwa.

Da na so in ce ɗan gaban da aka kawo mana ba shi da amfani, amma ƙarya ce. Yaron ya iya ƙwallo. Ba ya gaishe da kowa, yana zuwa atisaye ranar da ya ga dama, amma idan ya juya da ƙwallo a gaban raga sai dai a ɗauko ta daga ciki. Golan da muka maye gurbi da shi kuwa kamar ƙofar da ba ta da ƙyaure, ana cin mu a kusan kowane wasa, sai dai mu muna cin fiye da haka. 'Yan kallo suka dawo fili, har masu rake da gyaɗa suka ƙaru. Kowa ya gan ni sai ya ce, "Koci, ka ga hangen Alhaji?"

Labarin golanmu a bakin direbobin tasha nake jin sa. Da farko kullum yana shiga mota zuwa birni ya dawo, da abin ya fi ƙarfinsa ya koma kwana a shagon wani ɗan garinsu. Bai buga wasa ko ɗaya ba. Aikinsa shi ne ya tsaya a raga lokacin atisaye 'yan gabansu su yi ta gwada ƙarfin ƙafa a kansa. A haka wata ƙwallo ta karya masa yatsa. Aka kai shi wurin mai ɗori, aka ce ya je gida ya huta, ba wanda ya sake neman sa.

Da yatsan ya warke ya aiko wani abokinsa ya tambaye ni ko zai iya dawowa. Shi bai iya zuwa da kansa ba. Muna tsananin bukatarsa a lokacin, ana shirin shiga zagayen kifa ɗaya ƙwala. Amma lasin ɗinsa na wasa yana hannun kulob ɗin birni, kuma ba ya buga wa kowa sai sun sake shi. Da aka tuntuɓe su suka ce ba matsala, a dawo musu da ɗan gabansu su saki gola.

Na tafi shagon Alhaji. Na same shi yana sa ido ana loda rodi a mota.

Na ce, "Alhaji, yaron nan yana gida zaune. Ka yi musu magana, kai suke jin nauyi."

Ya ce, "Ka ji sharaɗinsu ai."

"Ka roƙe su ba tare da sharaɗi ba. Ba sa amfani da shi."

"In roƙe su su ga kamar na yi nadama? Malam, ana gab da kofi kake so in ɗaga hankalin kulob saboda mutum ɗaya? Shi ya ce yana so ya tafi, ba wanda ya ɗaure shi." Ya juya ya ci gaba da yi wa leburori faɗa.

Mun ci kofin. Ɗan gaban ne ya zura ƙwallon ƙarshe, aka ɗaga Alhaji sama, aka zaga gari da babura ana ta oda. A hoton da aka ɗauka ina can ƙarshen layi, rabin fuskata ma bai fito ba. Kofin yana shagon Alhaji har yau, a saman kanta, kusa da gwangwanayen fenti.

Ba a yi wata guda ba ɗan gaban ya samu wani kulob ya tafi, ko sallama bai yi mana ba. Alhaji kuma hankalinsa ya koma siyasa, ya ce ya yi wa ƙwallo iya abin da zai yi. Da lokacin gwaji ya zagayo na hau babur na tafi Utai neman bahagon yaron nan. Yayansa ya ce ai tun bayan sallah ya bi mota zuwa kudu, yana can yana acaɓa.

Saura golan. Kaka ta ƙare, lasin ɗinsa ya kuɓuta, ba abin da zai hana shi dawowa. Aka ce mini yana bakin kogi tare da masu lodin yashi. Na je da hantsi na same shi tsirara daga ƙugu zuwa sama, da shebur a hannu, ya yi baƙi ya ƙara faɗi. Yatsan ya ɗan karkace. Ya gaishe ni da ladabi kamar da, ya tambayi iyali, ya tambayi makaranta.

Na ce, "Raga tana jiran ka. Ka zo ranar Asabar."

Ya ce, "Koci, na bar ƙwallo."

"Saboda yatsa? Wannan ba komai ba ne, na ga waɗanda suka fi haka."

"Ba yatsa ba ne." Ya soka shebur a yashi ya jingina da shi. "An sa mini rana bayan azumi. Nan kullum ina komawa gida da wani abu."

Na ce atisaye da yamma ne, ba zai hana shi aiki ba. Ya girgiza kai. Sai ya ɗago ya dube ni sosai.

"Koci, kai ka san abin da zai faru. Ka gaya mini. To me ya sa ka tsaya a iya gaya mini kawai? Da ka je wurin Baba ka ce ya hana ni, da ban tafi ba. Baba ba ya tsallake maganarka."

Bara ni ne mai baƙin ciki da na ce kada ya tafi, bana kuma ni ne mai laifi da ban ɗaure shi ba. Alhaji, wanda ya shirya komai, ko sunansa bai fito daga bakin yaron ba. Na so in tuna masa abin da ya gaya mini a ƙofar makaranta, sai na ga ba amfani.

Wata tifa ta gangaro tana baya da baya, abokan aikinsa suka fara kiran sa. Ya ce in gaida gida, ya ce in Allah Ya kai mu zai aiko mini da goron ɗaurin aure. Ya zare shebur ɗinsa ya tafi.

A wannan kakar wani ɗan baya muka sa wa safar hannu muka tura raga, don ba wanda ya zo gwaji da ya iya kamu. Tun a zagayen farko aka fitar da mu. Kwamiti ya zauna ya ce kulob na bukatar sabon jini a wajen horarwa, aka gode mini, aka ba wani matashi usur.