Turken Sa a Kan Wayar Istifanus

Da asuba, kafin mai gadi ya naɗe tabarma, Istifanus yana durƙushe a bayan ofis yana bin waya da yatsa. Haka ya saba tun yana reluwe, lokacin da yake bin wayar tangaraho a ƙafa daga Funtua zuwa tashoshin daji, filaya a aljihu, tsani a kafaɗa. Da harkar jirgi ta ja baya ya koma wani kamfanin sayen auduga a bakin gari. Gajere ne, mai taurin kai, ba ya doguwar gaisuwa. Sai Lahadi ake ganinsa da farar riga, in zai tafi coci.

A 1989, lokacin ina akawu a ofishin, kamfanin ya kawo kwamfuta uku, biyu a ofis, ɗaya a sito inda ake awon auduga. Baƙar waya guda ce ta haɗa su, ta huda bango, ta bi ƙarƙashin ƙasa ta tsakar fili har sito. Mutumin Kaduna da ya kafa su ya gaya wa Istifanus cewa duk inda wayar ta tsinke, ukun gaba ɗaya za su daina jin juna.

Dab da Kirsimeti suka daina. Motocin auduga sun yi layi, awon sito ba ya isowa ofis. Manaja, Alhaji Maiwada, bai wahala ba wajen samo mai laifi. Ya kira Hansai mai shara, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya, don an taɓa ganinta tana goge bayan na'urar da jiƙaƙƙen tsumma. Ya ce ta ajiye tsintsiya ta tafi, kada ta dawo.

Istifanus ya ce tsumma ba ya tsinka waya. Manaja ya ce ba a tambaye shi ba. Ya ce shi ma ba izini ya zo nema ba.

Ya kwance kawunan wayar ɗaya bayan ɗaya, ya hure, ya ɗaure. Shiru. Ya zare wadda ta nufi sito, ya toshe gurbin da ɗan murfin ƙarfen da ake sawa a ƙarshen layi, sai na ofis biyun suka ji juna. Ke nan ciwon ba a inda Hansai ke shara yake ba, a waje yake.

A tsakar fili kuwa akwai san watanda. Ma'aikatan, Musulmi da Kirista, sukan haɗu su sayi sa duk Sallah da Kirsimeti, a yanka a kasa kowa ya ɗauki nasa. Sada mai gadi ya kafa masa turke a inuwar mangwaro, inda ya ga ƙasar ta fi laushi. Ta fi laushi ne don nan aka haƙa aka binne waya.

Istifanus ya janye san, ya tuge turken, ya sa diga. Leburori na masa tsiya. "Baba Isti, nama kake tono? Ai ga shi nan tsaye." Bai ɗago ba, har ya fito da wayar gida biyu, tsinin turke ya raba ta.

Bai je ofis ba, aika ya yi manaja ya zo bakin ramin. Alhaji Maiwada ya duba, ya ce to Sada za a kora.

"Ranka ya daɗe, Sada ya buga, amma san namu ne. Kashi biyu gare ka a ciki, ni ɗaya. In kora za a yi, a fara da mai biyu."

Manaja ya ce ya haɗa wayar tukuna, a yi maganar daga baya. Istifanus ya zauna a bakin ramin, ya mai da filaya aljihu.

"In na ga tsintsiya a hannun Hansai, zan haɗa."

Direbobi suka yi ta danna oda a ƙofa. Manaja ya yi barazanar ɗauko mutumin Kaduna, Istifanus ya ce hanya a buɗe take. Rana ta take tsaka kafin aka tura babur unguwarsu Hansai. Sai da ta iso ta ɗaura ɗankwali ta ɗauki tsintsiyarta sannan Istifanus ya sauka cikin ramin ya fere bakin wayar.

Bayan an yanka san kamfanin ya mai da ni aiki Malumfashi. Ranar da zan tafi, Hansai na sharar baranda, Istifanus kuma na hango shi yana jan tsohon bututun ƙarfe daga tarkacen bayan sito, zai zura wayar a ciki kafin ya binne. Ba wanda ya sa shi.