Rigar Baba a Darasin Duwatsu

Ina aji biyu a makarantar Midil aka kawo mana sabon malamin labarin ƙasa, saurayi mai son a ga abu da ido. Mu 'yan cikin birni iyakar saninmu da dutse Dala da Gwauron Dutse, shi kuwa yana so ya fahimtar da mu yadda jerin manyan duwatsu ke tasowa daga ƙasa. Ya zana a allo ba mu gane ba. Sai ya ce a samo masa tufafi uku masu kauri, launi daban-daban. Ya bayar da farin mayafinsa, aka ɗauko jan bargo daga ɗakin kwana, saura baƙi. Ni na ɗaga hannu, domin mahaifina yana da rigar shuni wadda duk unguwarmu ta Zaitawa an san shi da ita.

Baba tsohon falken goro ne. Fataucin ya tsaya tun ina ƙarami, amma ran Juma'a in ya sa rigar nan har yanzu ana tashi a ba shi wuri. Da na je gida ran hutu ba ya nan. Na ce wa Inna malam ne ya aiko. Ta daɗe tana kallona kafin ta buɗe adaka, ta ce kada in bari a warware ta gaba ɗaya.

Da na kawo ta, malam ya shimfiɗa rigar a kan tebur, bargo a kanta, mayafi a sama. Ya ce haka duwatsun ƙarƙashin ƙasa suke, hawa-hawa, mafi tsufa a can ƙasa. Ya sa manyan ɗalibai biyu suka dafa gefe da gefe suna turowa a hankali. Tufafin suka tattare, suka yi tozo da kwari, tozo da kwari. Ya ce abin da muka gani yanzu, ƙasa tana yinsa a cikin shekarun da ba su ƙirguwa, inda dutse ya ƙi lanƙwasa kuma sai ya tsage, ɓangare ɗaya ya hau kan ɗaya. Wani ya tambaya ko haka Dala ta samu. Ya ce a'a, Dala ragowa ce, ruwa ya cinye ƙasar da ke kewaye da ita ya bar ta.

Daga nan ya zo kan aikin ruwan sama, wanda ke zaizaye ƙololuwa har tsohon dutse ya bayyana a tsakiya. Ya yaye mayafin, ya yaye bargon, ya kama tozon rigar ya buɗa don mu leƙa ciki. Shafin rigar ya fito fili. A wurin da ake sa alharini, buhun gishiri ne aka wanke aka ɗinka, harufan Turancin ba su gama gogewa ba. Wani ɗan unguwarmu ya karanta su da ƙarfi, harafi-harafi.

"Ashe Alhaji gishiri ya koma sayarwa," in ji shi.

Aji ya ɗauka da dariya. Malam ya tsawatar, ya ninke rigar da sauri, bai iya kallona ba. A wurin na gane dalilin da ya sa Baba ba ya taɓa naɗe hannun rigarsa a kafaɗa kamar sauran manya. Da ina tsammanin kamewa ce.

Kafin Juma'a maganar ta zaga unguwa. Baba bai tambaye ni komai ba sai abu ɗaya, wai ko yaran sun gane darasin. Na ce sun gane. Inna ta so ta warware shafin, ta ga in an cire shi rigar ba za ta tsaya ba, sai ta bari.

Ran Juma'a Baba ya sa ta. Ni ke riƙe masa buzun salla, kuma a ranar na yi ta ja da baya, har mutane suka shiga tsakaninmu. Kusa da masallaci na hango 'yan ajinmu a gindin bango suna taɓa juna. Baba ma ya gan su. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya, jama'a suna ratse shi, har na iso.

"Matso nan," ya ce. "A gefena za ka tafi."

Haka muka wuce ta gabansu, kaina a sunkuye, hannun rigarsa yana goga mini kunne.