Cibiyar Ƙawata

Ina aji biyar na firamare wasu masu shirin talabijin suka zo makarantarmu a Daura neman yara. Wasan yara ne na tarihi, in ji su, labarin gida ɗaya: yarinyar zamanin da, sai 'yarta, sai jikarta, kowacce da makonta, duk a tsakar gida guda. Babbar rawa ita ce ta yarinyar farko, mai niƙa gero a dutse. Tun kafin su rufe baki na ba kaina ita.

Aka tace mu, aka tace, muka rage mu biyu: ni da ƙawata, 'yar Ibon da ke sayar da kayan gyaran babur a bakin layinmu. Kwano ɗaya muke cin tuwo da ita. Ga Hausa a bakinta, har ta fi ni iya baƙar magana.

Dutsen niƙa ya yi wuya a gari, sai aka zo gidanmu gwaji, don kakata ta ƙi rabuwa da nata. Na durƙusa na fara, gero ya yi ta zubewa, kaji suka samu biki. Ƙawata ta karɓa. Kai, wallahi kamar sana'arta! Ashe duk lokacin da nake gudun aiki, ita tana gindin tsohuwa tana koyo.

Da na ga mai shirin yana gyaɗa kai, zuciya ta ɗebe ni.

"Ai ba 'yar Daura ba ce," na ce da ƙarfi. "'Yan Kudu ne."

Hannunta ya tsaya cak a kan dutsen. Ba ta ko kalle ni ba. Mai shirin ya sosa ƙeya, ya ce to, lallai wannan abin dubawa ne.

Kakata na kan tabarma tana tsinkar zogale. Ita ce ungozomar unguwarmu, kuma ba ta ɗaga murya.

"Malam," ta ce, "yarinyar nan a hannuna ta faɗo. Ni na yanke cibiyarta, ni na binne ta, ga wurin can gindin katanga. Ubanta ma tun yana rarrafe na san shi." Ta nuna ni da haɓa. "Wannan mai bakin kuwa a asibitin Kano aka haife ta. Sai da ta yi arba'in aka kawo mini ita a mota. Ban san inda aka jefa tata ba."

Kowa ya bushe da dariya. Ni kuwa na ruga bayan rumbu na fashe da kuka. Har yau in na tuna abin da ya fito daga bakina, kunya ce ke rufe ni.

Ƙawata aka ba rawar, kuma ta cancanta. Bayan sun tafi ta biyo ni bayan rumbun, hannunta duk gari. Na ɗauka duka za ta kai mini. Sai ta tsuguna, ta goge mini majina da bakin zanenta.

"Ya isa haka, baƙuwa," ta ce. "Mu 'yan Daura ba ma korar baƙo."